Yadda Ake Komawa Kujerar Bizines da Makin Tafiya, ga Mai Tashi daga Yamai

Cikin ƴan kasuwarmu na Babbar Kasuwa da Katako da Wadata, akwai waɗanda shekara ba ta ƙarewa ba su leƙa Sin ko Dubai ko Turkiyya sau uku ko huɗu ba. Haka ma'aikata masu zuwa taro, da ɗalibai, da masu kai iyaye asibiti Indiya. Amma in ka tambayi mutum ina makin da kamfanin jirgi ke ba shi kan waɗannan tafiye-tafiye, sai ya ce bai taɓa buɗe asusu ba, ko kuwa ya buɗe shekarun baya ya manta lambar. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, don hakkinsa ne da ya riga ya biya cikin kuɗin tikiti ya bar wa kamfani. A ganina kuma babu inda makin nan ya fi amfani kamar a fanshi kujerar bizines a tafiyar dare mai awa goma, mutum ya miƙe ƙafa ya yi barci, ya sauka da safe ya shiga kasuwa da ƙarfinsa, maimakon ya ɓata yini guda a masauki yana jinyar baya da kumburin ƙafa.

Abu ɗaya nake so a riƙe tun daga nan. Ranar da ka zauna gaban mai sayar da tikiti a ajans, ranar ce ka buɗe wa kanka ƙofar bizines ko ka rufe ta. Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya bari sai ya iso filin jirgi da akwatunansa sannan ya fara tambayar yadda za a ɗaga masa kujera, galibi ya makara.

Da farko, ka tsaya wa kamfani ɗaya

Daga filin jirgin Diori Hamani, manyan ƙofofin da ake bi zuwa nesa su ne Istanbul da Turkish Airlines, Adis Ababa da Ethiopian Airlines, sai Kazabalanka da Royal Air Maroc. Air France, wadda a da ita ce hanyar Turai, ta dakatar da sauka Yamai a watan Agusta na 2023. Kowane kamfani da tsarin makinsa: na Turkish shi ne Miles&Smiles, na Ethiopian ShebaMiles, na Royal Air Maroc Safar Flyer, na Air France da KLM kuma Flying Blue. Shiga kowanne kyauta ne.

Kamfanonin nan suna da ƙawance a tsakaninsu. Turkish da Ethiopian duka suna cikin Star Alliance, tare da EgyptAir, Lufthansa, Air China, Air Canada da United. Royal Air Maroc ta shiga oneworld a 2020, inda Qatar Airways, British Airways da Iberia suke. Air France tana SkyTeam tare da Saudia da Kenya Airways. Amfanin sanin wannan shi ne, in ka hau Ethiopian yau, gobe ka hau Turkish, kana iya zuba makin tafiyoyin biyu cikin asusu ɗaya. Makin Safar Flyer kuwa ba zai yi maka komai a jirgin Turkish ba.

To wane asusu za ka zaɓa? Na kamfanin da ka fi zama cikin jirginsa a dogon zango. Dalili kuwa, kamfani ya fi sassauta wa makinsa a cikin jirginsa. Star Alliance tana da tsarin da zai baka damar ɗaga kujera a jirgin wani kamfanin ƙawancen da makinka, amma a mafi yawan kamfanonin sai tikitinka ya kasance na harafin Y ko B (harafin da ke nuna ajin farashin tikiti), wato mafi tsada a ekonomi, irin wanda ɗan kasuwa mai lissafi ba ya saye. Idan kuwa makin Turkish ne a jirgin Turkish, ko makin Ethiopian a jirgin Ethiopian, haruffan da ake karɓa sun fi haka yawa. Don haka mai bin Adis zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin ya riƙe ShebaMiles, mai bin Istanbul ya riƙe Miles&Smiles, mai zuwa New York ko Montreal ta Kazabalanka ya riƙe Safar Flyer. Maki 20,000 nan, 15,000 can, 10,000 wani wuri, babu wanda zai kai ka ko'ina, alhali da a wuri ɗaya suke da sun yi aiki.

Buɗe asusun da kanka

Sauke manhajar kamfanin a waya ka yi rajista, fasfo a hannunka. Rubuta suna harafi bayan harafi yadda yake a fasfo. Wannan wuri yana kayar da mutanenmu fiye da yadda ake zato: fasfo ya ce Mahamadou, asusu ya ce Mohamed, tikiti ya ce Mahamadou Sani a haɗe, sai kwamfutar kamfani ta ɗauka mutum uku ne, maki ya ƙi shiga. Duba kuma wanne aka sa a gurbin sunan iyali, wanne a gurbin sunan yanka, ka bi yadda fasfo ya tsara.

Sa imel ɗinka da lambar wayarka, ba ta yaron shago ko ta mai ajans ba. Kamfanoni da yawa suna turo lambar sirri ta saƙon waya ko imel duk lokacin da za a taɓa maki. Ka tuna layinka na 227 ba lallai ya karɓi saƙo ba in kana Gwanzu ko Istanbul, saboda haka imel ɗin ya zama wanda kake iya buɗewa ko'ina. Kalmar sirrin asusun kada ka ba kowa. Masu sayar da maki da araha a WhatsApp kuma ka yi nesa da su: dokar kamfanoni ta hana cinikin maki, in suka gane sukan rufe asusu su soke tikitin, wani lokaci kana tsakiyar tafiya.

Tara makin

Duk tikitin da za a yanka maka, ka ba da lambar asusunka a saka tun lokacin. Ranar tafiya ka duba katin shiga jirgi, lambar takan fito a jikinsa. In ba ta fito ba, ka sa ma'aikacin wurin awon kaya ya saka kafin ka wuce. Kada ka yar da katin bayan ka sauka, ɗauki hotonsa ka ajiye tare da takardar tikitin. In sati biyu suka wuce maki bai shiga ba, akwai wurin neman makin da ya ɓace a cikin manhaja, sai dai yana da wa'adi, wasu kamfanoni watanni shida, wasu shekara guda.

A cikin asusun za ka ga lissafi iri biyu. Ɗaya na matsayi ne, shi ke ɗaga katinka, misali daga Classic zuwa Classic Plus zuwa Elite a Turkish, ko daga Blue zuwa Silver zuwa Gold a Ethiopian. Wannan ba a kashe shi. Ɗayan shi ne makin kashewa, kuma shi muke magana a kai. Yana da ranar mutuwa. A Miles&Smiles maki yana shekara uku, ya faɗi a ƙarshen Disamba na shekara ta uku. A Flying Blue, mai katin matakin farko in ya yi wata 24 bai motsa asusu ba, makin ya tafi. Ka riƙa leƙa ranar a manhaja.

Jiragen shata na aikin hajji da tikitin ayari irin na umara da ajans ke saya a dunƙule galibi ba sa kawo maki, ba a kuma ɗaga su. Kada a sa rai a wurin.

Harafin tikiti

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan daɗe a kai. Mutum ɗari biyu na zaune a ekonomi, kujera iri ɗaya, abinci iri ɗaya, amma ba kuɗi ɗaya suka biya ba. Kamfani ya kasa kujerun ekonomi gida-gida, kowane gida da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Kamar atamfa ce, zane ɗaya, amma akwai holandis akwai ta Sin, sai mai saye ya san wadda ya riƙe. Harafin Y shi ne cikakken farashin ekonomi, J da C na bizines ne, sauran haruffa suna sauka har zuwa tikitin garaɓasa. Harafin nan shi ke yanke abu uku: yawan makin da za ka samu a tafiyar, kuɗin da za a caje ka in ka canza rana, da ko za a yarda a ɗaga maka kujera da maki. A wasu kamfanonin har yawan makin da za a cire maka ya danganta da shi, tikiti mai tsada a cire kaɗan, mai araha a cire da yawa.

Ɗauko tsohuwar takardar tikitinka ka duba. Za ka ga lamba mai alƙaluma 13. Ukun farko suna nuna kamfanin da ya fitar da tikitin: 235 Turkish, 071 Ethiopian, 147 Royal Air Maroc, 057 Air France. Za ka ga wata lamba mai haruffa da alƙaluma shida, ita ce lambar ajiyar wurinka, da ita ake neman ka a kwamfuta. Sannan a layin kowane zango, kusa da lambar jirgi irin TK (Turkish) ko ET (Ethiopian) ko AT (Royal Air Maroc) da ranar tashi, akwai harafi guda tilo ƙarƙashin kalmar Class ko Classe. Shi ne wanda muke nema. Ka lura zangon tafiya da na dawowa suna iya faɗawa harafi daban-daban.

Mai ajans, in ba ka ce komai ba, mafi araha zai ba ka, don ya san abin da yawancin mutane ke so ke nan. Ba laifinsa ba ne. Kai ne za ka yi magana, kamar haka:

"Malama, kafin ki fitar da tikitin, don Allah duba mini harafin da ya faɗa daga Istanbul zuwa Gwanzu."

"Alhaji, V ne, shi ya fi sauƙi a ranar."

"To riƙe mini wurin tukuna, kada ki fitar. Rubuta mini farashin harafi biyu ko uku na sama da shi. Zan tuntuɓi kamfani in ji wanda suke ɗagawa, in dawo miki kafin la'asar."

Ajans na iya riƙe maka wuri ba tare da an biya ba, na kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ƙasa da haka in tafiya ta matso. Tambayi ƙarfe nawa riƙon zai faɗi. Cikin wannan ɗan lokaci za ka yi sauran binciken. Jerin haruffan da ake karɓa yana shafin kowane kamfani, kuma yana canzawa, saboda haka na ranar da za ka saya shi ne abin dogaro.

Akwai wani sharaɗi da ake yawan mantawa. Jirgin da za a ɗaga maka kujera a cikinsa ya zama na kamfanin da lambarsa ke kan tikitin. Wani lokaci tikiti ya ce TK ko ET, amma a ƙasa an rubuta da ƙananan haruffa cewa wani kamfani ne zai ɗauke ka. Irin wannan zango galibi ba a ɗaga shi da maki. Haka tikitin da aka riga aka fansa da maki tun asali.

Zaɓi zangon da ya cancanta

Tafiyar Yamai zuwa Gwanzu da dawowa zango huɗu ce, kuma sau da yawa ana lissafin ɗagawa zango-zango. Ba dole ka ɗaga duka ba, makinka ma da wuya ya isa. Jiragen da ke sauka Yamai sau da yawa masu ƙaramin ciki ne, irin Boeing 737. Bizines ɗinsu kujera ce mai faɗi da ke ɗan kishingiɗa, ba ta zama gado. Yamai zuwa Istanbul tafiyar kusan kilomita 4,000 ce, ana iya daure ta a ekonomi. Daga Istanbul ko Adis zuwa Gwanzu kuwa awa goma ce ko sama da haka, cikin babban jirgi, kuma yawanci da dare. Can ya kamata makin ya tafi.

Tsakanin tafiya da dawowa, ni tafiya nake fifitawa ga ɗan kasuwa. Mai zuwa gabas yana rasa awa bakwai tsakanin agogon Nijar da na Sin, ya sauka kuma aiki na jiransa. Mai dawowa gida zai samu inda zai huta. Wanda ya kai mara lafiya aka yi masa aiki, lissafinsa ya juya: dawowar ce ta fi buƙatar kwanciya.

Duba kuma irin jirgin kafin ka kashe maki, manhaja tana nunawa. A Turkish, Boeing 787 da Airbus A350 kujerun bizines ɗinsu ɗaya-biyu-ɗaya ne, kowa yana fita ba tare da ya tsallake wani ba. Boeing 777 kuwa biyu-uku-biyu ne, akwai kujerar tsakiya. Ga Hajiya mai tafiya ita kaɗai, ko dattijo mai yawan tashi kama ruwa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Bizines ɗin Ethiopian sunansa Cloud Nine, shi ma ya bambanta daga jirgi zuwa jirgi, buɗe taswirar kujeru ka gani da idonka.

Yi lissafi kafin ka ƙara kuɗi

A ɗauka misali kawai. Tikitin garaɓasa jika 850, ba a ɗaga shi. Wanda ake ɗagawa miliyan 1 da jika 100. Bizines kai-tsaye, tafiya da dawowa, miliyan 2 da jika 400. In ka sayi na tsakiya, ka ƙara jika 250 a kan na garaɓasa, sannan ka zuba maki don zango ɗaya ko biyu. A nan cinikin ya yi kyau, musamman da yake tikitin na tsakiya yakan kawo maki fiye da na garaɓasa, kuma canza ranarsa ya fi sauƙi, abin da duk mai jiran a gama loda kwantena ya san darajarsa. Amma in tikitin da ake ɗagawa ya kai miliyan 1 da jika 900, bizines kuma yana garaɓasa a miliyan 2 da jika 200, to ka cika ka sayi bizines ɗin, ka ajiye makinka, ka ma ƙara samun wani a kai.

Tambayi kuma nawa ne makin cikakken tikitin bizines da ake fansa da maki zalla. Wani lokaci tazararsa da makin ɗagawa ba ta da yawa, ga wanda ya tara sosai wannan ya fi. In maki kaɗan ya rage maka, kamar 2,000 ko 3,000, kana iya sayen cikon daga kamfanin. Sayen maki mai yawa da tsabar kuɗi don ɗaga kujera kuwa asara ce a mafi yawan lokuta.

Nemi gurbi, sannan ka biya

Kujera babu kowa a bizines ba ya nufin za a ba ka ita da maki. Kamfani yakan ware ƴan kujeru kaɗan don masu maki, a kamfanonin Star Alliance galibi ƙarƙashin harafin I, sauran yana jiran mai biyan kuɗi. Saboda haka, wurinka na riƙe a ajans, ka kira kamfanin ko ka je biro ɗinsa a Yamai, ka ce surclassement, wato ɗaga kujera, kake so da maki. Ba su lambar jirgi, rana, harafin tikitin da kake shirin saye, da lambar asusunka. Tambayoyinka huɗu: ana ɗaga wannan harafin? Akwai gurbi a wannan ranar? Maki nawa? Akwai ƙarin haraji da zan biya? In ranar babu gurbi, sa su duba kwana ɗaya kafin ko bayan. Tsakiyar sati ya fi sauƙin samu. Lokacin baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu, wato Afrilu zuwa farkon Mayu da Oktoba zuwa farkon Nuwamba, hanyar Gwanzu cike take da masu biyan bizines da kuɗinsu. Haka hutun Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba a hanyoyin Turai da Amurka, da watan azumi a hanyar Jidda.

Da zarar an ce akwai, koma ajans ka biya a fitar da tikitin, ka nemi ɗagawar a ranar. Gurbin ba naka ba ne sai an cire maki, kwana ɗaya ma yana iya sa wani ya riga ka. In ta manhaja ce, shiga wurin tafiye-tafiyenka da lambar nan mai haruffa shida da sunan iyali, zaɓi zangon, zaɓi biya da maki, ka tabbatar. Tikitin da ajans ya fitar wani lokaci manhaja kan ƙi nuna masa wannan zaɓi, sai ta waya ko biro. Tanadi katin banki mai aiki a intanet saboda ɗan harajin da kan biyo baya, ko ka riƙe sefa in biro za ka. Idan ta tsarin Star Alliance ce, wato makin wani kamfani a jirgin wani, ana rufe karɓar buƙata awa 24 kafin tashi.

Mai tasowa daga Tawa ya fi kowa buƙatar ya gama wannan tun yana gida. Tafiyar sama da kilomita 500 ce ta Ƙonni da Dogonduci da Doso, ba a shigo Yamai a motar kar da yamma, jirgi na tashi da dare, sannan a fara neman biro ba. Ya yi komai ta waya da imel, ko ya shigo da kwana biyu a hannu.

Kada ka ɗauka an gama sai ka ga abu biyu: makin ya ragu a asusunka, kuma sabuwar takardar tikiti ta shigo imel tana nuna bizines a wannan zango. Buga ta a takarda. Nan take ka zaɓi kujera.

In aka ce babu gurbi

Tambayi ko suna da jerin jira, a saka ka. Masu babban kati ake fara dubawa, amma shiga jerin ya fi zama a waje. Sannan ka riƙa dubawa da kanka: sati biyu kafin tafiya, kwana uku kafin, da lokacin da aka buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet. Kamfani in ya ga kujeru ba za su sayu ba yakan sake su a kwanakin ƙarshe. A filin Istanbul ko Adis ma kana iya tambaya a kantar kamfanin tun da ka sauka, kafin ka nemi wurin zama. Wasu kamfanoni, har da Ethiopian, suna da tsarin tayi, ka faɗi abin da za ka iya ƙarawa da kuɗi, in sun karɓa su cire daga katinka. Kwatanta shi da makin da ake nema, ka ɗauki wanda ya fi maka sauƙi.

Shawarata ita ce kada ka ƙara kuɗi mai yawa kan tikiti don fatan jerin jira kawai. Ka ƙara in an tabbatar maka da gurbi, ko in tikitin mai tsadar yana da wani amfani da kake buƙata ko da ba a ɗaga ba.

Kaya, abinci da ranar tafiya

Maganar kaya tana buƙatar tambaya a fili, don nan ƴan kasuwa ke shan mamaki. A hanyoyi da yawa ekonomi akwati biyu ne masu kilo 23, bizines biyu masu kilo 32. Amma in zango ɗaya kawai aka ɗaga, ba lallai ƙarin kilon ya shafi dukan tafiyar ba. Abin da aka rubuta a sabuwar takardar tikitin shi ma'aikacin awo zai bi. Karanta shi kafin ka ɗaure kaya, kuma ka sani akwati ɗaya ba ya wuce kilo 32 ko a wane aji kake. Makin da za ka samu a tafiyar kuma galibi na harafin da ka biya ne, ba na bizines ba.

Falon hutawa na bizines yana buɗe maka a filin da zangon da aka ɗaga zai tashi. In Istanbul zuwa Gwanzu aka ɗaga, a Istanbul za ka shiga, akwai abinci da wurin wanka. Ga wanda ya kwana a hanya daga Yamai, ya yi wanka ya canza kaya ya yi sallolinsa a natse kafin dogon zango, wannan kaɗai ya rage rabin gajiya. Abincin Turkish da na Royal Air Maroc halal ne. A wasu kamfanonin ka nemi abincin Musulmi, lambarsa MOML, kwana biyu kafin tashi, kuma ka sake dubawa bayan an ɗaga kujerar don wani lokaci buƙatar takan ɓace in an sabunta tikiti. A bizines ana zagayowa da abin sha tun kafin jirgi ya tashi, akwai mai giya a ciki, ka tambaya kafin ka ɗauka.

Ɗaga wa wani, da abin da ke faruwa in tafiya ta canza

Yawancin tsare-tsaren nan sun yarda ka kashe makinka don wani. A wurina wannan ya fi komai daraja a cikin maganar: tsohuwa da ake kaiwa asibiti Delhi ko Istanbul, ko mahaifi mai ciwon gwiwa, a kwantar da shi a gaba, kai ka zauna baya. Wasu kamfanoni suna so ka fara rubuta sunan mutumin cikin jerin waɗanda ka amince su ci makinka, don haka ka yi wannan da wuri. In ku biyu ko uku ne cikin lambar ajiya ɗaya kuma mutum ɗaya za a ɗaga, sai an raba ajiyar tukuna, mai ajans ko kamfani ke yin haka. Ka gaya wa ma'aikatan jirgi tun a ƙofa cewa mahaifiyarka ce a gaba kuma ba ta jin Faransanci ko Turanci, ka ba su lambar kujerarka don su kira ka in ta buƙaci wani abu. In tana buƙatar keken guragu, a rubuta a ajiyarta bayan an raba, ba a ajiyarka ba.

Kafin ka yarda a cire maki, tambayi abin da zai faru in ka canza rana. Ɗagawar tana manne da wannan jirgin na wannan ranar, ba ta bin ka zuwa sabuwar rana sai in can ma akwai gurbi. Tambayi ko ana mayar da makin in ka fasa, nawa ake caja, da awa nawa kafin tashi ake rufewa. Tambayi kuma wa zai yi maka canjin daga yanzu, ajans ko kamfani, don bayan kamfani ya sabunta tikiti wani lokaci ajans ba ya iya taɓa shi. Idan kamfanin ne da kansa ya canza jirgi ko ya soke tashi har aka mayar da kai ekonomi, riƙe katin shiga jirgin da ke nuna kujerar da ka zauna, haɗa shi da takardar da ke nuna bizines, ka tura musu ta wurin ƙorafi a manhaja ko shafinsu kana neman a mayar maka da makinka da harajin da ka ƙara. Lambar ƙorafin da za su ba ka, rubuta ta ka ajiye, da ita za ka bi sawu in sati biyu suka wuce ba ka ga makin ya dawo ba.